Ƙaimin hawa bishiya: gajeren tsini ko dogo, baƙin ƙarfe ko alminiyam?

Daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni, lokacin da hadarin farko ke zuwa da iska kafin ruwa, wayar mai aikin sare bishiya a Kano ba ta hutawa. Nan darbejiya ta kwanta a kan katanga, can reshen turare ya rufta wa rumfar mota. Ana cikin wannan hada-hadar ne ɗan yayata, wanda ya shekara uku yana riƙe min igiya daga ƙasa, ya turo min hotuna uku ta WhatsApp, duk na ƙarfen nan da ake ɗaurawa a ƙafa a riƙa sukar bishiya ana hawa. Ɗaya kuɗinsa bai wuce na buhun shinkafa ba, ɗaya kuma ya kusa kuɗin babur. Ya rubuto: "Kawu, wanne zan ɗauka? Na gaji da jan tsani." Na ce ya same ni a gida bayan la'asar, maganar ta fi ƙarfin saƙon murya.

Ni ƙaimi nake ce wa abin, don wanda ya san kayan doki ba zai sha wahalar gane shi ba. Akwai likkafa inda tsakiyar tafin ƙafa ke zama, akwai sanda da ta miƙe ta cikin ƙwauri har kusa da gwiwa, da matashi a samanta, da maɗaurai biyu, na sama da na ƙasa. Sai tsinin, wanda ke fitowa daidai idon sawu ta ciki yana kallon ƙasa. Mahayin doki zungura kawai yake da nasa. Kai kuwa nauyinka duka, da na injin sare itacen da ka rataya, a kan wannan ɗan tsinin suke.

Kafin mu buɗe hotunan sai da na tambaye shi: a cikin aiki goma da muka yi bara, nawa ne na kayar da bishiya gaba ɗaya? Ya ƙirga da yatsu ya ce uku. Sauran bakwai rage rassa ne, ko an taɓa kwanon rufi, ko an tsole wa maƙwabci ido, ko an rufe hasken sola. To ƙaimi na ukun nan ne kaɗai. Duk takun da ka yi sai tsini ya huda ɓawo ya kai ga ɗanyen naman da ke ƙarƙashinsa, inda abincin bishiyar ke bi. Ka hau mita 10 ka sauko, ka bar mata huji gommai, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwaro, gara, ruɓa. Shi ya sa ƙa'idar gyaran bishiya ta Amurka, ANSI A300, ta hana hawa da ƙaimi don datse rassa, sai a wasu 'yan yanayi, kamar in bishiyar kayarwa za a yi, ko ceton wani da ya maƙale a sama. Na taɓa zuwa wani gida a Nassarawa inda aka hau wa mai gidan mangwaro da ƙaimi watanni kafin nan. Jikin bishiyar layi-layi ne na baƙin ƙaro tun daga ƙasa har marabar rassa. Ya ce min, "Malam, wata cuta ce ta kama ta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sawun mutum ne."

Dabino da giginya sun fi ban tausayi. Su ba sa yin sabon nama su rufe rauni kamar darbejiya, hujin da ka yi yau yana nan har ranar da bishiyar za ta faɗi. Wanda ke hawa dabino duk shekara don barbara ko yanke nono, tsani da igiya ne nasa.

Saboda haka in yawancin aikinka aski ne, kuɗinka ya fara tafiya wajen ɗamarar hawa, igiya mai kyau, da zarto mai doguwar ƙota. In kuwa kana samun aikin kayarwa a wurin da babu filin da bishiya za ta kwanta, dole a bi ta daga sama ana sauke ta gunduwa-gunduwa, nan ƙaimi ba shi da na biyu. Da zarar an zubar da rassa, gangar jiki ce tsirara ta rage, babu inda za ka taka, babu inda za ka rataya igiya sama da kanka. Tsani kuwa a irin wannan wuri shi ne ke kai mutane asibitin ƙashi na Dala.

Tsini: inda aka fi yin kuskure

Iri biyu ne. Gajere, wajen santimita 4, asalinsa na masu hawa falwayar katako ne. Dogo, santimita 6 zuwa 7, shi ake rubuta wa "na bishiya". Kamfanin Klein, alal misali, yana yin na inci 1½ da na inci 2¾. Sunan ne ke yaudarar mutane: mutum ya ga an ce na bishiya, shi kuma bishiya zai hau, sai ya biya. Alhali an yi dogon ne don itatuwan ƙasashen sanyi masu ɓawo mai kauri da laushi, wanda sai tsini ya ratsa yatsa biyu ko uku kafin ya taɓa itace.

Dubi namu. Turare jikinsa sumul yake, ɓawon siriri, yana saɓulewa da kansa, itacen kuma tauri kamar ƙashi. Darbejiya da maɗaci dangi ɗaya ne, kuma duk biyun itacensu na da ƙarfi, ɓawon ko ya yi kaushi da tsagu bai cika zurfi ba sai a gindin tsohuwa. Tsamiya ba a magana. A irin waɗannan bakin tsinin kaɗai ke shiga. In dogo ne, sauran tsawon yana waje, ƙafarka ta yi nesa da jikin bishiyar, ka zama kamar mai tsayuwa a kan ƙusa. Idon sawu ya yi ta lilo, sandar ta yi ta murɗa ƙwauri, kafin awa guda gwiwa ta fara rawa. Gajeren kuwa yana kawo gefen takalminka ya jingina da itacen, ka samu wurin tsayuwa biyu maimakon ɗaya.

Amma gajere ma yana da ranar kunyarsa. Tsohon mangwaro, ɗorawa, gindin maɗacin da ya shekara aru-aru, ko bishiyar da ta bushe ɓawonta ya saki: gajeren tsini zai tsaya a cikin ɓawo kawai, ka ɗora nauyi, ɓawon ya ɓalle da kai. Rimi da kuka kuma wata matsala ce daban, itacensu taushi gare shi, na kuka ma kamar soso, tsini yana nutsewa amma yana iya yaga hanyarsa ya fito. Dogon ya fi riƙo a nan, ko da yake ita kuka faɗin jikinta kaɗai ya isa ya hana ka zagaya ta da igiya, shi ya sa mutanen karkara ke kafa mata turaku. Giginyar da za a kayar kuwa bayanta ya fi na kowa tauri, gajere mai kaifi ne kawai ke kama ta, sannan ka shirya wa kumburin cikin nan nata na sama, inda igiya ke ƙin wucewa.

Gwajin ba wuya. Bishiyar da za a sare ce, don haka sa adda ka ɓantari ɓawon a daidai ƙirjinka ka ga zurfinsa. In bai kai kaurin yatsa ba, gajere. Ga wanda ke aiki a cikin birnin Kano, inda darbejiya da turare suka fi yawa, gajere zan ce ya fara da shi. Sharaɗi ɗaya: ya sayi ƙaimin da ake kwance tsininsa da sukurori, ba wanda aka dasa dindindin ba, ya kuma haɗa da dogon tsini na wannan kamfanin a oda ɗaya. Tsinin wani kamfani ba ya hawa sandar wani.

Sandar kanta

Baƙin ƙarfe, alminiyam, taitaniyam, ko zaren kabon. Na baƙin ƙarfe ƙafa biyu da matasansu suna kai kilo 2.5 zuwa 3. Na alminiyam wajen kilo 2. Na kabon ƙasa da haka kaɗan. Kuɗi kuma akasin nauyi yake tafiya: a kasuwannin waje na ƙarfe mai suna ya fi araha, na kabon ya ninka kuɗinsa ko fiye, alminiyam na tsakiya, kafin a zo maganar dako da kwastan.

Wanda ke wuni a sama kwana biyar a mako zai ji bambancin rabin kilo a kowace ƙafa, ba musu. Mu da muke ɗaura ƙaimi sau uku ko huɗu a wata fa? Sannan a duba yadda kayanmu ke tafiya: a watsa su a bayan a-kori-kura tare da gatari, inji da galan ɗin mai, a bi ramuka har Sharaɗa. Kabon ba ya son duka, yana iya tsagewa ta ciki ido bai gani ba. Alminiyam ba ya tsatsa, wannan gaskiya ne, amma in ya gaji tsagewa yake, kuma in ya lanƙwashe ba a miƙar da shi. Baƙin ƙarfe nauyi da tsatsa ne aibinsa, su kuma duk a fili suke, tsumma da ɗan mai sun isa maganin na biyun, musamman a watan Agusta. Taitaniyam, irin wanda kamfanin Buckingham ke yi, ya haɗa sauƙi da juriya, sai dai aljihu. Na ce wa yaron ya bar wa masu kwangilar kamfanoni wannan.

Abin da zai sa ka so ƙaimi ko ka tsane shi ba sandar ba ce ma, matashin ne. Mafi araha shi ne ɗan ƙaramin na fata mai maɗauri ɗaya. Yana juyawa a ƙafa, kan sandar ya riƙa tokarar ƙashin ƙwauri, ka sauko da sawu kamar an yi maka bulala. Sai mai faɗi na soso da ke naɗe ƙwaurin gaba ɗaya a manne da Velcro (maɗaurin nan mai kama kansa in an danna), wanda mai kyansa ke da farantin ƙarfe a ciki don sandar ta tsaya wuri ɗaya. Sai mai ƙoƙo, wato roba mai tauri ko alminiyam da aka lanƙwasa daidai ƙwauri aka shimfiɗa soso a ciki, irin na Gecko da Distel. Wannan ya fi kowanne raba nauyi. A yanayinmu kowanne da abin da ke damunsa. Mai naɗi yana dafa ƙafa a zafin Afrilu, gumi ya jiƙa soson ya yi tsami, don haka nemi wanda ake cire soson a wanke. Ƙurar hunturu da garin katako suna cika Velcro har ya daina kamawa, sai ana bin sa da buroshi. Fata kuma bushewa take ta tsattsage in ba a shafa mata mai ba. Da a ce in zaɓa tsakanin alminiyam mai ƙaramin matashi da baƙin ƙarfe mai ƙoƙo, ko tunani ba zan yi ba, na biyun zan ɗauka.

Sandar ana ƙara mata tsawo ana ragewa. Kanta ya tsaya kamar yatsa biyu ƙasa da ƙashin gwiwa na ciki. In ta wuce, za ta ci gwiwa duk lokacin da ka lanƙwasa. In ta gaza, tsokar ƙafa za ta sha matsa. Takalmi kuma ya zama but mai tudun dunduniya da likkafa za ta maƙale a gabansa, mai tafi mai tauri da ba ya naɗewa. Kambas da silifas ba sa cikin lissafi. Wannan kam ana samun mai kyau a gwanjon Ƙofar Wambai in mutum ya iya tonawa.

Na arahar, na mai walda, da na hannu

Hoton farko da ya turo min irin wanda ake tallatawa a intanet ne, saiti guda: ƙaimi, bel, igiya, safar hannu, duk a kuɗin da bai kai na tsini biyu na gangariya ba. Babu sunan kamfani a jikin ƙarfen, babu lambar ƙa'ida. Na gangariya za ka ga an ambaci ASTM F887, kuma galibi an gwada su a kan fam 350, kusan kilo 159, mutum da kayansa. Wasu na arahar ma ba su da sandar ƙwauri sam, wasu farata ne kamar na kyanwa da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, duk murɗar ta ƙare a idon sawu. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bel ɗin da ke zuwa da su ya fi ƙaimin ba ni tsoro.

Ya ce, "To Kawu, in muka sayi rodi a Ƙofar Ruwa muka kai wa mai walda hoto fa?" Na san za a zo nan, don ni ma na taɓa yi. Ba raina maƙeranmu nake ba, gatarina da barandamina duk aikinsu ne kuma ba na neman waɗanda suka fi su. Amma gatari in ya dakushe sauka kake ka wasa. Tsinin kamfani ƙarfe ne na musamman da aka ƙera aka gasa shi daidai gwargwado, da kusurwar da ke sa shi ƙara nutsewa in an taka. Na rodi in an bar shi haka lanƙwashewa yake, in an tsoma shi a ruwa ya yi tauri da yawa karyewa yake, waldar kuma tana daidai wurin da nauyi ke sauka. Nawa a mita huɗu ya saki, a jikin turare. Igiyar ƙugu ce ta riƙe ni, na sha gurzar ƙirji da haɓa, na yi mako ina cin tuwo da gefen baki.

Na hannu mai suna, Buckingham ko Klein ko Bashlin, ya fi sabon da ba a san uwarsa ba, in ka duba shi da rana tsaka. Goge lanƙwasar likkafa da kewayen sukurorin tsini ka nemi tsaga ko da siririya ce kamar gashi. Duba ƙasan likkafar ko ta cinye ta yi fyaɗe. In ka ga alamar walda, ko hujin da ba na kamfani ba, ko an taɓa gasa shi an miƙar, ajiye. Tabbatar hagu da dama ne, don akan haɗa wa mutum ƙafa ɗaya biyu. Auna tsinin ta ƙasansa: dokar kare ma'aikata ta Amurka ta hana aiki da ƙaimin falwaya da ya gaza inci 1¼, wato milimita 32. Maɗaurai kuma sabbi za ka sa, kada ka yi ciniki da wannan. Dukawa za su ɗinka maka kube na rufe tsini da jakar zuba kaya mai kyau, wannan aikinsu ne.

Ƙaimi ba ya riƙe mutum shi kaɗai

Abin da ke hana ka faɗowa ɗamara ce da igiyar da ta zagaye bishiyar. A nan ma akwai tarko. Ɗamarar da aka fi samu a shagunan kayan kariya na Sabon Gari ta magina ce, mai zobe a gadon baya, an yi ta don ta cafe wanda ya riga ya faɗo. Kai kana buƙatar mai zobba biyu a ƙugu, hagu da dama, da wurin rataya ta gaba, waɗanda lambobinsu su ne EN 358 da EN 813. Igiyar zagaye iri biyu ce. Mai waya a ciki tana da tauri, tana saurin cilluwa sama a jikin itace mai kaushi, kuma adda ko zarton hannu ba sa raba ta da sara ɗaya, ko da yake inji yana yanke ta. Marar waya ta fi sauƙi da araha. Tsawo kuma a yi lissafi: bishiya mai faɗin mita 1 kewayenta ya haura mita 3, ka ga igiyar mita 3 ba za ta ko haɗu ba a gindin tsohon maɗaci, sai mai mita 5.

Kusa da wayar wuta, mai waya a ciki haramun ce, haka ma tsanin ƙarfe. Unguwanni da yawa layin 11kV ko 33kV ya ratsa ta cikin darbejiya. Tsakaninka da shi, kai da duk abin da ke hannunka, kada ya gaza mita 3. In aikin ya fi haka kusa, mai gida ya je ofishin kamfanin wuta, KEDCO, a kashe layin a hukumance. "Ai an ɗauke wuta tun safe" ba kariya ba ce, ba wanda zai buga maka waya kafin a dawo da ita, ga kuma janareton maƙwabta da ke iya turo wuta baya.

Sannan igiya ta biyu, doguwa, a shaƙe ta a jikin bishiyar ta kai har ƙasa. Duk lokacin da inji zai tashi a sama, wuri biyu ake ɗaure. Ita ce kuma hanyar gudu. Wanda zuma ko rina suka taɓa tarar da shi a kan tsamiya ya san ba a saukowa da ƙaimi taku-taku a wannan hali. Hular kwano mai maɗaurin haɓa, ba sai na faɗa ba.

Hawan kansa a ƙasa ake koyonsa, kada a wuce mita 2 sai ƙafa ta saba, kuma a jikin bishiyar da za a sare. Tsoro yana sa sabon shiga ya rungumi itace, da ya manna gwiwa kuwa kusurwar tsini ta tashi, ya zame. Gwiwa waje, ƙugu baya, jiki ya kwanta a kan igiya, gajeren taku, ba sai ka yi harbi kamar jaki ba, nauyinka ya isa ya nutsar da tsini mai kaifi. A lura da inda ake sa ƙafa, tsini yana huda igiya, yana kuma huda ɗaya ƙafar. Da an sauko a kwance shi, yawo da shi a kan siminti ke kashe baki. Wasawa da magagari ne, daga ƙasan tsinin, a bar bayansa yadda kamfani ya yi shi. Kada a kai wa mai garanda, zafin yana kashe ƙarfen. Busasshiyar bishiyar da gara ta cinye cikinta kuwa, ko wane irin ƙaimi gare ka ba a hawanta. Ƙwanƙwasa ta da bayan gatari, in ta amsa kamar ganga a nemi wata dabara.

Abin da muka tsayar da yaron: baƙin ƙarfe mai suna, tsini gajere mai kwancewa, dogon a ajiye a jaka, matashi mai ƙoƙo, ragowar kuɗin da zai zuba a alminiyam ya tafi ga ɗamara da igiyoyi biyu. Na kuma ce kafin kayan su iso ya leƙa Ma'aikatar Muhalli ya ji yadda ake yankar izini, don tun 2025 jihar ta fito da tsarin izinin aiki da injin sare itace, kuma mai gida ba zai biya maka tara ba. Yana miƙewa ya ce, "Shi ke nan na huta da tsani." Na ce ya ɗauko shi ya ɗaure a mota tun da dare, gobe mangwaro biyu za mu rage wa rassa a Bompai.